Abin da Ɗiyata Ta Ƙidaya a Gonar Dawa

Ɗiyata ba ta cika shekara shida ba a kakar da abin ya faru. A Goronyo muke zaune, maigidana yana noman albasa a fadama, ni kuma ina ɗinki a cikin gida. Amma ni haifaffiyar Wurno ce, kuma akwai wata ɗabi'a da na taho da ita gidan aure daga wurin mahaifina, wadda sai na faɗe ta sauran labarin zai zauna.

Baba malami ne, shi ake kira idan za a yi rabon gado a unguwarmu. Tun muna ƙanana ban taɓa jin ya ce da yaro ya yi kure a lissafi ba. Idan ya yi maka tambaya ka ba shi amsa, ko daidai ce ko ba daidai ba, fuskarsa ba ta canzawa. Sai ya gyara zama ya ce, "To, ta ina kab biyo?" Haushi abin yake ba mu, don mu so muke a ce mun ci mu tashi mu tafi wasa. Shi kuwa sai ka bi da shi hanyar da ka bi tun daga farko. Sau da yawa kana tsakiyar bayani za ka ji ƙafarka ta zurma, ka koma ka gyara da kanka, yana kallonka yana jan carbi.

Da tawa ɗiyar ta fara surutu, ban san lokacin da na fara yi mata irin haka ba. Ina kan keke, tana zaune a gefena da gwangwanin maɓallai. Sai in zuba mata kashi biyu in ce wanne ya fi yawa. Idan ta nuna, in ce, "Ƙaƙa kinka sani?" Da farko cewa take, "Na dai sani." In ce ta nuna mani, ni ban gani ba. Sai ta kama jera su, wannan a gaban wannan kamar masu gaisawa, har ta ga wanda ya rasa abokin gaisuwa. Daga nan in ce idan na ƙara guda a nan fa, ko kuma idan gwaggonta ta zo yaya za mu raba mu uku. Na lura idan na ce mata guda nawa ne, kalma ɗaya take jefo mani ta juya. Idan kuwa na ce ta gaya mani yadda ta yi, sai ta saki baki har in gaji. Babanta yakan leƙo ya ce, "Ke da ɗiyarki kullum kamar gaban alƙali." Yarinyar ta zama ba abin da zai gifta ta gabanta ba ta ƙidaya shi ba, daga awakin maƙwabta har mutanen da ke sahun salla a ƙofar gida.

A kakar nan yayata ta haihu a wani ƙauye ta wajen Rabah, bayan ta daɗe tana nema. Na ce zan je suna, maigida bai so tafiyar ba. Kowa a ƙasarmu ya san abin da ɓarayin daji suke yi, a unguwarmu ma akwai mutanen da suka gudo daga Shinaka da kayan jikinsu kawai. Amma an kwana biyu ba a ji motsi a wannan hanyar ba, ni kuma na nace. Ya ce to, mu je da rana mu dawo da rana, kada mu kwana a ƙauye. Ni da yarinyar muka sauka Wurno wurin Baba, washegari da hantsi muka shiga mota.

Ƙaramar motar haya ce, an cusa mu kamar goro a huhu. A gaba akwai direba, da wani saurayi mai jar hula, da wani dattijo. Saurayin shi ya karɓi jakata ya sa a baya. Da ya ga yarinyar tana nuna mutane da yatsa tana motsa baki, sai ya juyo ya ce, "Hajiya ƙarama, ni na nawa na?" Ta ce shi ne na biyu. Ya yi dariya ya ce ya gode da ba a sa shi ƙarshe ba. A baya ni ce da ita a cinyata, da wata tsohuwa mai rungume da kaza, da wasu mata biyu masu zuwa kasuwa.

Mun yi nisa, dawa ta rufe hanya hagu da dama, ta fi mutum tsawo, sai ga wani mai keke ya taho a guje ba hula, yana kaɗa mana hannu. Bai tsaya ba. Da ya zo daidai mu ya ce, "Ku koma! Ga su nan!" ya wuce. Direba ya taka birki ya nemi juyawa. Hanyar ƙarama ce, ƙafar baya ta faɗa rairayi. Ya ba ta wuta, ita kuwa sai haƙa take ƙara yi. Saurayin ya fita yana turawa. A lokacin na ji ƙarar babura, da yawa, wani irin gurnani mai tahowa ta ƙasa har na ji shi a haƙorana. Direba ya ɗaga murya ya ce kowa ya yi ta kansa.

Ban san yadda na fita ba. Na dai san takalmina ɗaya ya tsaya a mota, na saɓa yarinyar a kafaɗa na faɗa cikin dawa. Ganye yana yankar fuskata, kara yana karyewa a ƙarƙashina, na yi gudu har ƙirjina ya ƙi, na faɗi a tsakanin kunyoyi. Sai na ji numfashi a bayana. Na sadaƙar sun cim mana. Ashe tsohuwar ce ta biyo ni, ba kaza, ba ɗankwali. Ta dafa bayana ta ce a hankali, "Kwanta, kada ki ƙara motsi. In dawa na kaɗawa suna ganin kanta daga nesa."

Ashe gudun da na yi ban nutsa cikin gonar ba. Karkata na yi na koma gefenta, kusa da wani burtali da ya ratso daji ya haɗu da titi, kuma ta wannan burtalin suka fito. Na kwanta a gefena na ba shi baya, na jawo yarinyar na manna ta a ƙirjina tana fuskantata. A tunanina na tare mata komai da jikina. Suka fara wucewa, ɗaya bayan ɗaya, kusa har ina jin warin fetur. Can wajen titi aka yi harbi, wani ya yi salati da ƙarfi, aka sake yin harbi.

Jikin yarinyar ya kama rawa. Bakinta ya buɗe, na san irin kukan da ke tahowa, mai farawa da shessheƙa ya ƙare da ihu. Na toshe mata baki da tafin hannuna. Ta fara shure-shure, idanunta suka firfito. Tsohuwar ta fizgi hannuna ta ce, "Za ki kashe ta. Sake ta." Na sake. Addu'a duk ta gudu daga kaina, ko Fatiha na kama sai ta tsinke a tsakiya.

An shuka wake a tsakanin dawar, ya yaɗu a ƙarƙashinmu, ya fara bushewa. Ban ce na yi tunani ba, hannuna ne kawai ya tsinko kwanso biyu ya kai su gaban idonta. Na sa bakina a kunnenta.

"Dubi nan. Wanne yah hi ɗiya ciki, wanga ko wanga? Gaya mani cikin kunne."

Ta dube ni kamar ba ta san ni ba.

"Na kasa ganewa," na ce. "Taimake ni."

Shessheƙar tana nan, amma idonta ya sauka kan waken. Ta taɓa dogon da yatsa.

"Ƙaƙa kinka sani? Ba mu buɗe ba."

"Ya hi tsawo." Da ƙyar na ji muryar.

"Dut mai tsawo shi ka hin ɗiya?"

Ta karɓi kwanson ta fara lalubar cikinsa da yatsa, tudu bayan tudu. Ta ajiye, ta ɗauki gajeren ta yi masa haka. Sannan ta girgiza kai ta ce dogon yana da wurare wayam, ba komai a ciki. Na ce mu buɗe mu gani. Muka fasa su a hankali cikin gefen zanena don kada su yi ƙara. Tsutsa ta ci rabin dogon, gajeren ya fi shi. Ta ɗago da sauri za ta faɗa da ƙarfi, na nuna mata kunnena, ta faɗa a ciki.

Daga nan ban bari shiru ya shiga ba. Na ce ta haɗa su duka ta raba mana mu uku, ni da ita da Iya, wato tsohuwar. Na ce ta gaya mani yadda za ta yi kowa ya samu daidai. Ta ce ɗaya-ɗaya za ta riƙa ajiyewa tana zagayowa. Ta yi, ya rage guda.

"Saura guda. Mi za mu yi da shi?"

Ta duba tsohuwar ta ce, "A ba Iya. Kazarta ta ɓace."

Tsohuwar ta buɗe hannu ta karɓi ƙwayar waken, ta dunƙule, hawaye suna bin tamojin fuskarta ba sauti.

Ni da nake tambayar, ko amsa ɗaya ban riƙe ba. Bakina yana gaba, kunnena yana bayana. Cinnaka suka hau ƙafata suna cizo, ban motsa ba. Ina tsinko wake ina ƙirƙiro tambaya, idan ta ƙare in sake wata: in an ƙara biyu fa, in Baba ya zo muka zama huɗu fa, akwai wata hanyar da za a raba. Tsorona ɗaya, kada tambaya ta ƙare mani kukan ya dawo.

Sai gurnanin ya juyo. Wannan karon a hankali suke tafe. Wani babur ya tsaya daidai bayana, kusa har na ji tsumman wandon mutum yana gogar kara. Aka yi magana da wata murya mai kaushi, aka yi dariya. Wata muryar kuma tana cewa, "Don Allah, ina da tsohuwa, ni kaɗai gare ta." Aka daka masa tsawa. Ban iya ko raɗa ba a lokacin, leɓuna kawai nake motsawa ina nuna mata waken. Na ga idonta ba ya kan waken, yana saman kafaɗata. Na ɗauka tsoro ne ya daskarar da ita. Na ƙara matse ta, na rufe nawa idon, ina jiran in ji an taka bayana.

Ba a taka ba. Babur ɗin ya tashi, sauran suka bi, ƙarar ta yi ta nisa har ta ɓace. Muka ci gaba da kwanciya, rana tana dukanmu ta tsakanin ganye, ƙishirwa ta manne mani harshe. Da rana ta karkata muka ji ana kira daga titi, a fito, sun tafi. Na yunƙura, tsohuwar ta riƙe ni ta ce su ma haka suke kira. Sai da muka ji muryar mace, ɗaya daga cikin matan da muke mota tare, sannan muka tashi.

A bakin titi motar tana nan, ƙofofi a buɗe, kaya a warwatse. Rigunan jariri da na ɗinka an tattake su cikin rairayi. 'Yan sa-kai da mutanen wani ƙauye na kusa sun taru a gindin wata bishiya, an kawo ruwa a jarka, waɗanda suka ɓuya suna fitowa ɗaya-ɗaya. Yarinyar tana riƙe da zanena, tana bin mutane da ido. Sai ta ja ni ta ce, "Inna, ba mu cika ba."

Na ce wasu suna cikin gona, yanzu za su fito.

Ta girgiza kai. "Biyu ba su hitowa."

Bakina ya riga hankalina. Na ji kaina ina cewa, "Ƙaƙa kinka sani?"

Ta ɗaga yatsu uku. "Da sunka zo, uku-uku na bisa babur. Dut uku-uku. Da sunka komo, guda biyu sun zan huɗu-huɗu." Ta ƙara yatsa ɗaya. "Na tsakiya ba shi da bindiga. Guda direba na. Guda na biyu na, hulatai ta hwaɗi."

Da murya irin wadda take mani bayanin maɓallai da ita ta faɗe shi. Wani daga cikin 'yan sa-kai da ke kusa ya ji, ya bi burtalin, bai daɗe ba ya dawo da jar hula a hannu. Na zauna a ƙasa. Duk lokacin da nake zaton bayana ya zame mata katanga, ta saman kafaɗata take kallo.

Ba mu ƙarasa wurin sunan ba. Aka mayar da mu Wurno a bayan wata motar kaya. Maigida ya zo washegari zai tafi da mu, na je har bakin mota na kasa ɗaga ƙafa. Baba ya ce a bar mu wurinsa mu huta. Hutun ya kai mu har sanyi ya shigo.

Yarinyar tana ci tana sha, amma surutun ya tafi. Ƙidayar ce ba ta tafi ba, sai dai ta koma kan mutane kaɗai. Da safe za ta tsaya a tsakar gida tana bin kowa da ido tana motsa leɓe. Idan wani ya fita kasuwa, za ta je zaure ta tsaya har ya dawo, ko abinci ba ta karɓa. Idan babur ya wuce ta lungu, sai a ƙarƙashin gado za a same ta. Ni kuwa na daina yi mata kowace irin tambaya. Ko gishiri nake so ta miƙo mani, umarni nake bayarwa. Idan na ga leɓenta suna motsi sai in kau da kai. Tsoron abin da ya rage a kanta nake ji, wanda za ta zayyana mani dalla-dalla idan na kuskura na tambaya.

Don kada ta zauna haka, muka sa ta a makarantar da ke kusa da gida. Wata rana da hantsi sai ga malamarsu ta kawo ta da kanta, siket ɗinta a jiƙe. Malamar, wata matashiya mai sanyin hali, duk ta rikice. Ta ce ɗebewa suka fara, ta ce da yara ga awaki biyar an ɗebe biyu, saura nawa. Sai yarinyar ta miƙe ta ce, "Wa yaɗ ɗebe su?" Yara suka yi dariya. Ta sake cewa, "Za a maido su?" Malamar ta ce a'a, a ɗebewa ba a maidowa. Daga nan sai ihu. Baiwar Allah ba ta san labarinmu ba, da na gaya mata ita ma kuka ta yi.

Da la'asar na sami Baba a zaure na ce masa na cire ta daga makaranta, kuma kada kowa ya ƙara yi mata maganar lissafi. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Ke kin bar tambayarta, ita ba ta bar ƙidaya ba. Yanzu ita kaɗai taka yi, ba mai ji."

Na ce, "Baba, tsoro nika ji."

Ya ce, "Ni ma." Ya dubi carbinsa. "Gadon da aka kirana rabawa yanzu, yawanci na samari na."

Ban taɓa jin mahaifina ya ce yana tsoron wani abu ba. Na tashi na fita daga zauren.

Bayan kwana kaɗan wani manomi ya kawo masa tafarnuwa kyauta. Ya shimfiɗa tabarma a inuwar tsakar gida yana ɓarewa, ya kira ta da sunan wasan da ke tsakanin kaka da jika. "Amarya, zo ki zauna kusa ga tsohon mijinki, idona ba shi gani." Ta je ta zauna nesa kaɗan. Bai tambaye ta komai ba. Ya jera 'ya'yan tafarnuwa yana ƙidayawa da ƙarfi, yana tsallake ɗaya da gangan. Ya share ya sake, ya sake tsallakewa. Ina bayan ƙofar ɗaki ina kallo kamar mai jiran hukunci. Ta daɗe tana kallon hannunsa. Can ta ce, "Kaka, ka tsallake."

"Ni? Ina nit tsallake? Nuna mani."

Ta matso ta ɗora yatsa a wurin. Ya ce ashe haka ne, tsufa ya yi masa yawa, ta ƙidaya masa ya ji yadda ake yi. Ranar iyakar abin da aka yi ke nan. Haka suka riƙa yi kullum da yamma, shi yana ɓata, ita tana gyarawa, yana tambayarta inda ya ɓata. Wani lokaci ya yi gardama ya ce shi ne daidai, sai ta kawo masa hujja.

Ranar da ya ɗauko ƙoƙo, na kusa fitowa in hana. Ya ajiye 'ya'yan tafarnuwa guda biyar ta ƙidaya, ya ce ta rufe ido, ya kife ƙoƙon a kan wasu. Da ta buɗe ta ga sun ragu, sai ta ƙame, na ga wuyanta ya miƙe. Ya ce da ita a hankali, "Ba wanda yaɗ ɗauka. Aza hannunki bisa ƙoƙon, ke ka tsaronsu." Ta ɗora hannu biyu ta danne. Ya jira. Bai yi gaggawa ba, har na ji shirun ya dame ni. Sannan ya ce guda nawa take tsaro.

"Biyu."

"Ba ki gani ba. Mi yas sa kinka ce biyu?"

"Ga uku waje. Uku na son biyu su zan biyar."

"Buɗe mu gani."

Ta ɗaga, suna nan. Ta kife, ta sake ɗagawa. Ta yi ta yi, ya ƙyale ta. Sai ta tsaya da hannu a kan ƙoƙon ta ce, "Kaka, na biyu hwa? Shi ma yana nan?"

Na ba shi labarin saurayin tun ranar da muka dawo, ya san wanda take nufi. Na yi fatan ya ce eh, yana nan, zai dawo. Bai faɗi haka ba. Ya ce, "Ban sani ba, amarya. Ina roƙon Allah kullum shi maido shi." Sannan ya yi tambayar da na kasa yi. "Kina son ki gaya mani abin da kinka gani?"

Ta gaya masa. Ta fara tun daga mai keke, ta bi komai a jere, ba ta yi kuka ba. Ta faɗi igiyar da aka ɗaure hannun direba da ita, ta faɗi cewa ɗaya daga cikin masu bindigar ba shi da gemu ko kaɗan, bindigar ta kusa kai tsawonsa. Baba ba ya katse ta, sai dai ya ce, "Sai mi?" Da ta zo wurin babur ɗin da ya tsaya a bayana, ta ce, "Guda ya dube ni."

Baba ya ce, "Ya gane ki?"

"Ban sani ba. Ya dubo cikin dawa, nan wurin idona. Nir ruhe ido ina ƙidaya wake cikin kaina. Da nib buɗe sun tahi."

Na zame a bayan ƙofa na zauna, na cusa mayafi a baki. Har yau ban san ko mutumin ya gan mu ya ƙyale ba ne, ko kuwa ganye kawai ya gani. Na juya abin a raina ba adadi, kowane ɓangare na kama sai ya fi ɗan'uwansa ban tsoro.

Daga ranar na koma yi mata tambaya, amma da taka-tsantsan. Na fara da abubuwan da ke fita su dawo: kajin gida idan sun shigo da yamma, cokulan da maƙwabta suka ara. Na koyi jira idan ta yi shiru, abin da a da ba na iyawa. Na koyi cewa idan ba ta so ta faɗa yanzu ta bari sai an jima. Wani lokaci amsar lissafi take bayarwa, wani lokaci daga cokali sai ta tsallaka zuwa gonar dawa, in daure in saurara. Ta koma makaranta. Malamar ta ce za ta riƙa cewa an ba maƙwabci aro maimakon an ɗebe, har yarinyar ta saba.

Lokacin dashen albasa muka koma Goronyo. Tun daga Wurno har gida ban ɗaga kaina daga cinyata ba. Mun jima da komawa, wata rana maigida ya dawo daga kasuwar Rimawa muna cin abincin rana, ya ce ya haɗu da wani ɗan'uwan direban. An sako direban, ya rame ƙwarai, ƙafa ɗaya ba ta takuwa. Saurayin kuwa tun a daji aka raba su, ba wanda ya sake jin ɗuriyarsa. Na yi wa maigida ido don ya yi shiru, amma ta riga ta ji. Ta tsayar da hannu a cikin kwano.

"Guda kaɗai?"

Babanta ya dube ni, na dubi ƙasa. Ya ce, "Guda kaɗai."

Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da cin abincinta a hankali har ta cinye, ta tashi ta wanke hannu.

Yanzu ta girma kaɗan, surutunta ya dawo, ɗebewa ma tana yi ba gardama. Ta daina shiga ƙarƙashin gado. Ni ce ban warke ba. Idan babur ya tsaya a ƙofar gidanmu, ko na san na maigida ne, sai ƙafata ta sauka daga kan keken ɗinki in kasa kunne. Idan na ɗago nakan tarar tana kallona, sai in yi sauri in gyara fuska in ce zare ne ya tsinke.